Sawun Shanu a Bayan Shingen Gwaggo

An same ta, Yaya Batulu! Wallahi an same ta da ranta! Sadiyya na goye ta ƙi barci, ni kuma sai zagaye tsakar gida nake na kasa zama. Ke dai ki samu wuri ki zauna, ni kam ba zan iya ba.

Jiminar gandunmu nake faɗa miki, wadda yara suke ce wa Gwaggo saboda faɗa. Tunda kin ƙi kawo mana ziyara bari in gaya miki. Gandun namun dajin da mijina Baban Sadiyya yake aiki yana nan bayan duwatsu tsakanin Kazaure da Roni, a ciki aka ba mu ɗaki. Akwai barewa, akwai kada a ɗan tafki, ga birai, ga ɗawisu, ga ɗakunan kwanan baƙi da lilon yara, da rumfar hutawa inda nake soya awara. Amma duk don Gwaggo ake zuwa. 'Yan makaranta in sun sauko daga bas ko kallon kada ba sa yi, wajenta suke gudu. Kuma ba ta yarda da kowa sai Baban Sadiyya. Wani malamin makaranta ya taɓa matsawa zai yi hoto, ta fizge masa hula ta tattake.

To jiya da safe ina hura wuta sai na ji an saki kwano a ƙasa. Na leƙa, sai ga Baban Sadiyya tsaye a bakin shinge, dusa ta watse a ƙafarsa. Shinge wayam. Ta baya an kwance wayar an naɗe ta tsaf, kamar mai shirin sake amfani da ita. Bayan wayar kuma, ɗan filin nan mai laushi da ya kai har gindin dutse, gaba ɗaya an tattake shi da kofaton shanu.

Kafin hantsi wuri ya cika. Kowa da tasa. Haladu mai amalanke, wanda yake kawo mana ruwa da harawa, shi ya fara cewa, "Ai ga shi nan a fili, Fulani ne." Wani ya ce Fulani ba za su iya kama Gwaggo ba a ji ihu ba, sai dai in da hannun wanda ta sani. Sai na ga idanu suna juyowa kan Baban Sadiyya ɗaya bayan ɗaya. Yaya, mutanen da suke cin awarata kullum!

Manaja ya kira shi ofis. Ina tsaye bakin taga ina ji.

"Lauwali, ni ban ce kai ba ne. Amma Alhaji mai gandu yana zuwa jibi. In ba ta fito ba, kai zan miƙa wa 'yan sanda, ku kuma bar ɗakin. Ba ni makullan."

"Ranka ya daɗe, Gwaggo fa? Ni?"

"Ba ni makullan, Lauwali."

Har rigar aikin ya sa ya cire. Ya dawo ɗaki da singileti ya zauna a bakin ƙofa, bai ci ba bai sha ba. In na yi magana sai ya ce, "Ko ruwa sun ba ta kuwa?" Mutum za a ɗaure shi, shi ƙishirwar jimina yake tunani!

*

Yau da sassafe na saɓa yarinya a baya na tari acaɓa sai Roni. Akwai wani dattijo can, Malam Jalaluddeen, wanda ya yi aiki a Yankari har ya yi ritaya. Bin sawu ne aikinsa, na giwa da na mafarauta, har takardun yabo gare shi. Na tarar da shi a ƙofar gida, dogo siriri da tabarau, yana watsa wa tattabaru gero yana ta kai da komo. Na durƙusa na gaishe shi, kuka ya ƙwace min.

"Bar kukan tukuna, 'yata. Yaushe aka yi ruwa a wajenku?"

"Kwana ɗaya kafin a ɗauke ta, Baba."

"Mutane sun bi ta kan sawun?"

"Manaja ya sa an zagaye wurin da igiya."

"To manajanku yana da hankali." Ya ɗaga kai ya kalli gabas. Ni ma na duba, ashe hadari ne ya fara haɗowa can ƙasa-ƙasa. "In wancan ya riga mu, shi ke nan. Tashi."

Ko kwanon geron bai mayar cikin gida ba, a kan dakali ya bar shi.

*

Da muka iso bai zauna ba. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa, a tsaye ya sha. Ya tsaya a kan Baban Sadiyya.

"Lauwali, kai ka ɗauke ta?"

"A'a, Baba."

"Na ji. Yaya ake kama ta ba ta yi hauri ba?"

Sai ya yi masa bayani. Wai safa ake samu a yanke bakinta, a zura a hannu, a kama bakin jiminar a ja safar ta rufe mata idanu. Da ta daina gani sai ta yi laƙwas, ko ina ka tura ta za ta je.

"Wa ya taɓa ganin ka yi?"

"Ran da likitan dabbobi ya zo yi mata allura kowa yana wurin."

"Kowa ba suna ba ne."

"Manaja. Abu mai magani. Haladu. Hussaini Bafillatanin ruga ma yana leƙe ta waya."

Malam ya juya ya fita, ni kuma na bi shi. Bai ce in zo ba, bai ce in koma ba.

Abu yana bakin ƙofar gandu da tabarmarsa ta saiwoyi da kwalabe. Kin san abin da yake tallatawa yau da safen nan? "Man jimina, sabo fil, maganin sanyin ƙashi!" Na ce shi ke nan, sun yanka ta.

Malam ya ɗauki kwalba ɗaya ya buɗe, ya shinshina, ya shafa a bayan hannu ya sake shinshinawa.

"Abu, wannan jiminar taka tana da ƙaho?"

"Baba, wane irin ƙaho kuma?"

"Zaɓi ɗaya. A ce maka maƙaryaci, ko a ce maka ɓarawo."

Abu ya waiga hagu ya waiga dama, ya rage murya. "Don Allah Baba ka rufa min asiri. Kitsen rago ne da man kaɗanya. Na ga ana ta zancen jimina ne na ce bari in samu ciniki."

"Allah ya shirye ka. Kada ka bar wurin nan sai na neme ka."

Ina cikin tashin hankali amma sai da dariya ta kusa kubce min. Ni da na taɓa saya wa Inna kwalba guda!

*

Muna juyowa sai ga samari sun taru da sanduna, wai ruga za su je. Haladu yana gaba yana cewa, "Tun ba su tsallaka da ita Nijar ba! Ku kuna nan kuna tambaye-tambaye, bawan Allah zai kwana a caji ofis." Har ya ce min, "Dela, ki kwantar da hankalinki, mu ba za mu bari ba." Na ce Allah ya saka masa da alheri. Ki ji fa!

Malam ya shiga tsakiyarsu. "Duk wanda ya ɗaga ƙafa zuwa ruga, da shi zan fara in 'yan sanda sun zo. Ku ba ni zuwa la'asar."

Suka yi ta gunaguni amma suka tsaya. Mu biyu muka tafi, sai yarinya a baya. Tafiyar tsohon nan, Yaya, sai da na riƙa haɗawa da gudu.

Hussaini muka tarar yana tatsa. Ya miƙe ya gaishe da Malam da Fillanci, suka yi ta yi. Ni kuwa idona yana kan malfarsa. Gashin jimina ne a soke a jiki, dogo.

"Ina ka samu wannan?" in ji Malam.

"Lauwali ya ba ni."

Na ce inna lillahi. Wato abin da mutane suke faɗa ke nan, wai sun haɗa baki. Malam ya zare gashin ya ɗaga shi a rana, ya murza.

"Ya sha rana, ya sha ruwa, har ya koɗe. Wannan ba na bana ba ne." Ya mayar masa. "Hussaini, shanunka sun bi ta bayan shingen gandu?"

"Me za su ci a can, Baffa? Dutse?"

"To yau ina so su bi. Kafin la'asar ka kawo su ta gefen igiya, yadda ka saba tafiya da su."

"Su yi min duka?"

"Sai sun fara da ni."

*

Muka dawo bayan shinge. Nan ne fa na ga aiki. Malam bai taka cikin igiyar ba. Ya bi gefe ya je ƙarshe, ya dawo, ya tsuguna, ya miƙe, ya cire tabarau ya goge ya sake tsugunawa. Ya karyo kara ya riƙa aunawa tsakanin wannan kofato da wancan. Ya matsa gaba ya auna, ya sake matsawa ya auna. Hadari kuwa ya taso ya rufe rabin sama, iska ta fara kaɗa ganye. Birai sai tsalle suke a keji, ɗawisu yana ta ihu. Ni ma na kasa tsayawa wuri ɗaya, ina jijjiga yarinyar da ba kuka take ba.

"Baba, ka ga wani abu?"

"Yi shiru, 'yata."

"Baba, ruwa fa zai sauko."

"Na ce yi shiru."

Can sai ga Hussaini ya ɓullo, sanda a kafaɗa, yana gaba yana kiran shanu, su kuma suna biye a warwatse. Wannan ta tsaya ta ci ciyawa, wannan ɗan maraƙi ya yi tsalle ya koma wajen uwarsa. Suka wuce ta gefen igiya. Malam ya je ya duba inda suka bi, ya dawo ya duba cikin igiya, sai na ga ya yi murmushi. Tun safe sai lokacin.

"Je ki ce wa Manaja ya tara min kowa a nan. Yanzu, ba anjima ba."

*

Aka taru. Manaja, Abu da tabarmarsa a hammata, Hussaini a gefe, samarin nan da sandunansu, Baban Sadiyya da singiletinsa. Haladu ma ya iso da amalanken ruwan yamma, bijimansa biyu suna ja, ɗaya ƙato ɗaya ɗan madaidaici.

Malam ya ce, "Ku zo ku ga inda shanun Hussaini suka bi yanzu a gabanku. Ku nuna min sawun takalminsa."

Aka duba, aka duba. Babu.

"Ba za ku gani ba. Makiyayi gaba yake shiga, shanu su bi shi su taka sawunsa. Ga na manya, ga na maruƙa, kowa da inda ya nufa. To ku dawo nan cikin igiya."

Muka matsa.

"Ga takalmi a kan kofato. Ga shi nan, ga shi can, duk inda ka duba takalmin ne a sama. Mutumin nan a baya yake, kora yake yi. Ku nemo min sawun ɗan maraƙi ko ɗaya."

Aka duba, ko ɗaya babu.

"Kofato iri biyu ne kawai a filin nan, babba da ƙarami, gefe da gefe, tazararsu ba ta canjawa. Su miƙe sambal har gindin dutse, su juyo, su dawo a jikin layin farko. Su sake komawa. Wanda ya yi wannan yana so a ce garke ne ya wuce, ya shafe sawun jimina ya kuma jefa wa Fulani. Amma hannunsa bai san kiwo ba. Abin da ya saba shi ya yi. Ku manoma ne, ku gaya min, wannan mene ne?"

Sai wani daga cikin samarin ya ce a hankali, "Wallahi huɗa ce."

Yaya, da ya faɗa sai kowa ya gani. Kamar gona, kunya bayan kunya! Tun jiya muke kallon wurin nan ba wanda ya lura.

Malam ya juya. "Haladu, kwance wa bijimanka karkiya su huta."

"Baba, ruwa zan sauke, ga hadari."

"Kwance. Ka kora min su su tsallaka nan gefen."

Haka ya kwance musu. Ya ɗan taɓa su da tsumagiya. Bayin Allah, babu karkiya a wuyansu amma suka jera kafaɗa da kafaɗa, suka miƙe, suna isa gindin dutse suka juyo da kansu suka kamo layi na biyu. Malam ya ɗora karansa a sabon sawun, ya ɗauka ya kai cikin igiya ya ɗora. Daidai, ko ɗan yatsa bai ragu ba.

"Ni kaɗai ke da shanun huɗa a ƙasar nan?" in ji Haladu. Murya ta canja.

"A'a, suna da yawa. Shi ya sa ba zan tsaya musu da kai ba. Dutse ba ya riƙe sawu, kuma yana da faɗi, da ban san ta inda zan sauka ba. Yanzu na sani. Ta wane gefe gonar Haladu take?"

Hannuwa suka nuna arewa. Sai ɗigon farko ya faɗo min a goshi.

*

Gudu muka yi, wallahi gudu, har Manaja da takalminsa mai tsini. Na ja zani na rufe kan yarinya. Haladu ya fara ja da baya yana cewa bari ya ɗaure shanu, sai Hussaini ya kama masa wuyan hannu.

"A'a, maigida. Yau kai ne a gaba, mu muna baya."

Muna sauka daga dutsen ta arewa Malam ya tsaya cak ya nuna yashi. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, yatsu biyu, ɗaya ƙato ɗaya ƙarami, ga takalmi a gefensa. Baban Sadiyya ya yi wata irin ƙara, bai jira kowa ba ya bi sawun a guje. Muna tafe ruwa yana cike sawun a gaban idonmu, ka ga ɗaya, ka nemi na gaba ya narke. Malam yana cewa, "Ku bi ta nan! Ku bi ta nan!"

A ƙarshen gonar akwai wani tsohon kango da aka rufe da zana. Tun kafin mu isa na ji Baban Sadiyya yana kiranta da irin fiton da yake mata. Ya yaye zanar. Tana tsugune a lungu, safa a kanta har lokacin, Haladu ya ji tsoron cirewa. Baban Sadiyya ya durƙusa ya zare mata a hankali. Ta buɗe manyan idanun nan ta kalle shi, ta miƙa wuya ta cafki kunnensa. Shi kuwa yana dariya yana hawaye yana cewa, "Cije ni, Gwaggo, cije ni, kin yi gaskiya." Ya tara ruwan sama a tafin hannu ya ba ta.

Sai ta miƙe tsaye. Yaya, kin san abin da ke ƙarƙashinta? Ƙwai! Ƙato, fari, ya kai ƙwaryar fura. Tun da aka kawo ta gandun nan ba ta taɓa yi ba, sai a kangon ɓarawo. Abu ya ce, "Kai! A ba ni ɓawon," aka yi masa caa.

Haladu ya zube a taɓo. Wai wani mai mota ne daga nesa da yake tara namun daji a gidansa ya yi ta binsa, gobe ma zai zo ɗauka. Wai sharrin shaiɗan ne.

Na ce, "Shaiɗan ne ya ce min in kwantar da hankalina?"

Ban san na faɗa da ƙarfi ba sai da na ji an kwashe da dariya. Samarin da suka ɗauko sanduna don ruga kuwa kowa ya sunkuyar da kai, ɗaya ya je ya ba Hussaini hannu. Manaja ya buga waya, aka zo aka tafi da Haladu.

A nan cikin ruwan, gaban kowa, Manaja ya zaro makullai daga aljihu ya kama hannun Baban Sadiyya ya sa masa.

"Lauwali, ka yafe ni."

"Babu komai, ranka ya daɗe. A taimaka min da buhu in naɗe ƙwan nan."

Haka muka dawo, shi a gaba da Gwaggo, Manaja da kansa rungume da ƙwai kamar jariri, mu duka jiƙe sharkaf. Na ce Malam ya tsaya in zuba masa tuwo, ya ce tattabarunsa suna waje, ya hau acaɓa cikin yayyafi ya tafi.

Yanzu haka Baban Sadiyya ya cinye kwano biyu, ya sa rigar aikinsa a jiƙe, ya koma bakin shinge wai zai ga ta ci dusa tukuna. Ɗakinmu namu ne, ba inda za mu.

To Yaya, ga abin da nake roƙonki. Na san mugun labarin ya iso Gwiwa tun jiya, don har an bugo min ana tambaya ko gaskiya ne mijin Dela ya sayar da jimina. Ki tashi yanzu ki fara da Inna. Daga nan ki shiga gidan su Sadiqa, ki bi gida-gida, gobe ki faɗa a bakin famfo da ƙarfi yadda na can baya za su ji. Duk wadda ta kai wancan labarin, ki ce ta mayar da wannan daidai inda ta kai shi. Ki ce mijina bai ɗauki komai ba, kuma Gwaggo ta yi ƙwai, wanda bai yarda ba ya zo ya gani.